Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi Kan Saran Itatuwan Lambun Unguwarmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi,
ta hannun mai unguwarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah ya ja zamanin sarki, Allah ya ƙara lafiya da imani, magajin Ɗan Kasawa, uban talakawa. Mu ƴaƴanka ne, dattawa da mata da matasa, muka faɗi gabanka muna neman gafara idan maganarmu ta yi tsawo. Tura ce ta kai bango.

Ranka ya daɗe, daren Alhamis da ta wuce wasu mutane suka shiga lambun itatuwan da ke bayan unguwarmu da injin yankan icce. Kafin kiran assalatu sun kayar da babbar tsamiyar da ke bakin hanya, da kanya, da maɗaci biyu. Da muka fito masallaci sai kututture muka tarar, da garin katako warwatse, tsofaffinmu na tsaye ba mai magana. Sun kuma kafa duwatsun iyaka, wai an yanka wurin filaye. Wa ya yanka? Wa ya sa hannu? In akwai takarda, me ya hana a zo da rana? Tsamiyar nan ta girmi duk wanda ke cikinmu, a dare ɗaya aka mai da ita itacen wuta.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun rubuta, mun tura wakilai, an ce mu dawo, mun dawo, an ce ana dubawa. Mun yi maganar shara da ledojin da ake zubawa, da awakin da ke cinye dashe, da katangar waya da aka sace. Har gayya muka yi muka share da hannunmu. Shiru.

Allah ya taimaki sarki, ga wanda bai san wurin ba, fili ne da ƴan itatuwa. Mu kuwa nan ne kaɗai inda talaka ke hutawa ba a ce ya biya ko dala ba. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ɗakin kwano ba ya shiguwa, wuta ta ɗauke, nan mata ke shimfiɗa tabarma da jarirai, nan masu azumi ke jiran la'asar. Samarinmu nan suke fadarsu ta shayi a idon kowa, ɗalibai na bitar jarrabawa a gindin bedi. Ranar sallah har daga unguwannin Mokoyo da Zariya ake kawo yara. Malaman lakwal kan zo da ajinsu su nuna musu aduwa da magarya da ɗorawa da gawo da goruba, domin yaron birni yanzu yana shan tsamiya a kunu bai taɓa ganin iccenta ba. Masu maganin gargajiya ma sun san hanyar wurin, ɓawo da ganye suke ɗiba, ba su taɓa kayar da icce ba.

Abin da ya fi ƙona mana rai, ranka ya daɗe, a garin nan aka yi babban taron yaƙi da hamada na 1984 wanda ya haifar da alƙawarin Maradi. A gonakin jihar nan sassaben zamani ya fara, wato barin itatuwan da ke tohowa a gona a rene su maimakon a sare, har ƙasashe ke zuwa koyo. Kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa icce ana tafi. To, ana dasa ɗan tsiro da rana ana sare uwa da dare, ina amfanin? Kuma ba mu manta ambaliyar damanar 2024 ba. Wurin nan yana shanye ruwan da ke gangarowa gulbi. In aka rufe shi da siminti, ɗakunanmu ruwan zai nufa.

Muna roƙon sarki, don Allah, ya sa baki a tsai da wannan sara yau, kafin su dawo wa sauran. A tumɓuke duwatsun nan. A kira waɗanda suka yi wannan aiki gaban fada su faɗi wanda ya aiko su, su kuma dasa madadin abin da suka kayar, su shayar da shi har ya kama. Muna roƙon sarki ya isar da kukanmu ga hukumar birni da ma'aikatan gandun daji, a ba wurin takarda cewa lambun jama'a ne, ba na sayarwa ba, a kewaye shi, a sa mai gadi da famfo da wuraren zama. In malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo za su taimaka a rubuta sunan kowane icce da Hausa da Faransanci a jikin allo, a ƙaro irin su kirya da ɗanya da ke ɓacewa, mu kuma mun ɗauki nauyin ban ruwa da shara. Amma dai a fara tsai da saran.

Matasanmu sun fusata, mu muke danne su da cewa sarki zai ji. Muna roƙon a turo wakilin fada ya ga kututturen da idonsa.

Allah ya ja zamanin sarki, Allah ya ƙara nasara.

Talakawanka masu biyayya,
dattawa, mata da matasan unguwa,
tare da sa hannu da dangwalen yatsa a takardar da ke haɗe.