Rigimar Tekun Kudancin China: ku nemo mana masunta mu ji ta bakinsu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da kuka kawo labarin Tekun Kudancin China, sunan Beijing da Washington da jiragen yaƙinsu ne ke cika rahoton. Ni kuwa masuntan garin Masinloc na ƙasar Filipin nake son in ji. Tun kaka da kakanni suke jefa taru a Scarborough, wani tudun cikin wannan tekun, amma tun 2012 da China ta karɓe iko da wurin, jiragen tsaron gaɓarta ke fatattakar su, wani sa'in har da feshin ruwa mai ƙarfin da zai iya kifar da kwale-kwale. A watan Yunin 2024 ma wani sojan ruwan Filipin ya rasa babban yatsansa a wata arangama, a hanyar kai wa 'yan uwansa abinci. Su waɗannan suna zaune ne cikin Sierra Madre, wani tsohon jirgi da tsatsa ta gama cinyewa, wanda ƙasarsu ta maƙale da gangan kan wani tudun cikin teku na daban mai suna Second Thomas tun 1999 don kada a ce wurin ba mai shi.

Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa arzikin ruwan da ke cikin mil 200 daga gaɓarta. China ta sa hannu, sannan ta riƙe taswirarta mai layin ɗigo tara da ya lamushe kusan dukan tekun. Ranar 12 ga Yulin 2016 kotun sasanci a Hague ta ce layin ba shi da madogara. China ta yi kunnen uwar shegu. Ita kuma Amurka da ke ta kumfar baki a bi doka, har yau majalisar dattawanta ba ta amince da yarjejeniyar ba, kuma haka ta yi fatali da hukuncin kotun duniya kan Nikaragua a 1986.

Abin da ke ci mini rai ke nan, domin mu 'yan Najeriya a 2002 kotun duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi, muka haɗiye, muka miƙa a 2008, masunta da dama suka kwashe komatsansu suka bar inda aka binne cibiyarsu.

Don Allah, a shiri na gaba ku haɗa mana masuncin Masinloc da na Bakassi, kowanne ya faɗa mana inda yake kamun kifi yanzu.

Mai sauraronku daga Zariya.