Masu Zana Dodanni da Ƙirƙirarriyar Basira, Ku Daina Caca da Maɓalli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da matasan da suka rungumi zanen dodanni da halittu masu ban tsoro da manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion, wasu don bangon littafi, wasu don fosta, wasu don tatsuniyoyin da suke ɗorawa a YouTube. Yawancin kuɗi da data da lokacin da ke salwanta a wannan aiki ba na'ura ce ke cinye su ba. Kan mai aikin ne ke yaudararsa, kuma yaudarar tana da hanyoyi sanannu da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da ganowa. Batun hukuncin zanen abu mai rai kuwa mun bar wa malamai, ba fagenmu ba ne.

Sai an san abin da ke faruwa a ciki kafin a gane inda ake zamewa. Stable Diffusion, wadda aka saki a watan Agusta na 2022, ba ta fara zane daga farar takarda. Tana farawa ne daga ɗige-ɗige barkatai marasa siffa, sai ta riƙa share su zagaye bayan zagaye, tana karkata zuwa ga abin da umarninka, wato bayanin hoton da ka rubuta mata, ya bayyana. Wata lamba ce ke ƙayyade yadda waɗannan ɗige-ɗigen farko za su zuba, mu kira ta lambar iri. Idan umarni ɗaya ne, saiti ɗaya, lambar iri ɗaya, to hoto ɗaya za a samu ko kusan haka. Amma manhajoji da yawa suna barin lambar a kan "-1", ma'ana a zaɓo sabuwa da ka a kowane dannawa, daga cikin lambobi sama da biliyan huɗu.

Nan cacar take. Mutum ya danna, dodo ya fito da ƙafa biyar. Ya sake dannawa, fuska ta narke. A karo na shida sai ga wani mai kyau ƙwarai in ban da hannu ɗaya da ya lalace, sai zuciya ta ce saura ƙiris. Masanin halayya B. F. Skinner ya nuna tun a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da tantabaru da ɓeraye, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi kowane irin lada ɗaure dabba ga danna abu ba ƙaƙƙautawa. Injinan caca a kan wannan aka gina su, kuma Midjourney da ke ba ka hotuna huɗu a kowane umarni tana taɓa wannan jijiyar, ko da gangan ko ba da gangan ba. Sai kuskure na biyu ya biyo baya: tunanin cewa tun da sau ashirin bai yi ba, na ashirin da ɗaya dole ya yi. A gidan cacar Monte Carlo a 1913 ƙwallon wani faifan caca mai gidaje ja da baƙi ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa lokacinsa ya yi. Ƙwallon bai san abin da ya wuce ba. Lambar iri ma haka take, kowace dannawa sabuwar ƙuri'a ce.

Na uku ya fi su cin rai, wato ƙin sakin abin da aka riga aka kashe wa kuɗi. Hal Arkes da Catherine Blumer sun wallafa wani gwaji a 1985: a Jami'ar Ohio an sayar wa wasu tikitin kallon wasan kwaikwayo na kakar gaba ɗaya a cikakken farashi, wasu kuma aka yi musu ragi ba tare da sun nema ba. Waɗanda suka biya cikakke sun fi zuwa kallo a farkon kakar, alhali wasannin ɗaya ne. Mai zanen da ya ƙona rabin kuɗin rajistarsa na wata a kan umarnin da tun asali gurgu ne, shi ma haka yake manne masa.

Maganin ba wuya. Kafin ka buɗe manhaja, rubuta dodon a takarda cikin jimla uku: siffar jikinsa daga nesa, fatarsa, da wurin da yake tsaye. Dabba biyu sun isa, misali kan kura a jikin mutum mai fatar kada. In ka haɗa biyar, na'urar za ta dama su ta ba ka curin nama, domin ba ta iya raba wace siffa ce ta wane sashe. Launuka ma suna malala, ka ce jajayen idanu sai ka tarar har riga ta yi ja. Ka rubuta da Turanci, domin sashen da ke karanta umarni a Stable Diffusion da Turanci aka fi horar da shi, kuma a sigar 1.5 guntayen kalmomi 77 yake ɗauka a zama ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci ya zo a farko. Kada ka rubuta "dodo" kai tsaye, tsuntsun nan na tsibirin Moris da ya ƙare za a zano maka. Haka nan in ka ce dodon Afirka kawai, abin rufe fuska na katako da fenti a jiki za ka gani, domin irin hotunan da suka cika intanet ke nan. Dodon tatsuniyarmu sai ka gina shi da kanka: katangar laka, gindin kuka, bakin rijiya, duhun magariba, dogon gashi mai cukurkuɗewa.

Daga nan ka fitar da hotuna takwas, kada su wuce goma sha biyu, a ƙaramin girma. In babu ko ɗaya da ya kusanci abin da ke takardarka, umarnin ne ba daidai ba, ka koma kansa. In akwai, ka ɗauki lambar irinsa ka kulle ta. Daga wannan lokaci abu ɗaya tak za ka riƙa canzawa a kowane gwaji. Wanda ya canza kalma uku da saiti biyu lokaci guda, ko hoton ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba.

Saitin da ya fi rikita sababbin hannu shi ne wanda ake rubuta wa CFG, ma'aunin yadda na'ura ke biyayya ga umarni. Tsakanin 6 da 8 ya wadatar a Stable Diffusion 1.5 da wata sigarta mai suna SDXL. Mutane na ganin ba a bi maganarsu ba sai su kai shi 15 ko 20, launi ya ƙone, fata ta koma kamar roba. Zagayen sharewa 20 zuwa 30 sun isa. Kai shi 100 ɓata wuta ne. Girman hoto ma yana da dalili. An horar da sigar 1.5 a kan hotuna masu ɗigo 512 sau 512, don haka in ka nemi dogon hoto mai tsayin 1024 kai tsaye, za ta cike sararin da kai biyu ko gangar jiki biyu a ɗore. Wasu na murna su ce ai dodo ne, amma mai kallo yana bambance abin tsoro da kuskure. SDXL, wadda ta fito a Yulin 2023, a 1024 sau 1024 take aiki, sai dai tana son katin hoto, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hotuna, mai ƙwaƙwalwar gigabait 8, yayin da 1.5 ke lallaɓawa da 4.

Abin da ba ka so kada ka sa shi cikin babban umarni. Ka rubuta "ba ƙaho", na'ura ta ga kalmar ƙaho ta dasa maka biyu. Akwai akwatin hani daban, a Midjourney kuma ana sa --no a ƙarshen umarni.

Hannu da haƙora da farata su ne inda ake yawan zubar da hoto mai kyau a banza. Dalilin lalacewarsu: a sigar 1.5 na'urar tana aiki ne a kan matsattsen hoto mai gida 64 sau 64, kowane gida na wakiltar ɗigo takwas sau takwas. A hoton cikakken jiki, tafin hannu gidaje kaɗan yake samu, ga shi yatsu a hotunan horo suna zuwa a naɗe, a ɓoye, a riƙe da kaya. Ba sabon hoto ake nema ba, faci ake yi. Ka shafa wa hannun kaɗai alama, ka zaɓi a sake zana wurin da aka shafa shi kaɗai a cikakken girma, ka sa ƙarfin canji tsakanin 0.4 da 0.5. Ƙasa da 0.3 kusan ba abin da zai motsa, sama da 0.7 wani sabon abu zai tsiro a wurin. In tsayuwar dodon ce ke ba ka wahala, manhajar ControlNet da Lvmin Zhang da abokan aikinsa a Stanford suka fitar a Fabrairun 2023 tana karɓar zanen fensir ko na 'yan sanduna ta bi shi sawu da ƙafa. Ƙara girman hoto shi ne na ƙarshe, ninki ɗaya da rabi ko biyu.

Akwai kuma rashin hankalin da ke gefen masu kallo, kuma shi ya fi damunmu. A Satumbar 2022 wata mai zane, Steph Maj Swanson, ta bayyana hotunan wata mata mai jajayen kumatu da ta sa wa suna Loab. Ta ce ta same ta ne ta hanyar neman kishiyar umarni: ta nemi abin da ya fi nisa da sunan ɗan fim Brando, aka ba ta wani tambari mai rubutun banza, ta nemi kishiyar tambarin, sai ga matar. Duniya ta ɗauka ana cewa fatalwa ce a cikin na'ura, domin ta yi ta bayyana a hotuna na gaba. Amma ai hoton nata ake mayarwa cikin na'urar ana haɗa shi da wasu, kuma mutum ne ke zaɓen wanda zai nuna. Idon ɗan Adam kuwa gwani ne wajen ganin fuska ko a jikin gajimare. Tun a 2015 manhajar DeepDream ta Google ta riƙa cika hotuna da idanu da kawunan karnuka, ba don wani sirri ba, sai don tarin hotunan da aka horar da ita yana da nau'in kare 120 cikin rukunai 1,000.

A wajenmu irin wannan hoto ba ya tsayawa a matsayin zane. Ya shiga WhatsApp, wani ya ɗora masa murya ya ce aljani ne aka kama ko 'yar ruwa ce ta fito a wani kogi, kafin la'asar ya zaga dangi. Wasu manhajojin suna ajiye umarni da lambar iri a cikin fayil ɗin hoton, amma da zarar an tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp ko an ɗauki hoton allo, bayanan sun tafi. Don haka mai zane ya rubuta a jikin hoton kansa cewa da ƙirƙirarriyar basira aka yi shi, kuma ya sa rubutun kusa da tsakiya ta ƙasa, ba can a kusurwa ba inda za a yanke shi cikin daƙiƙa biyu. Muna roƙon jaridarka ita ma ta riƙa sa irin wannan alama a ƙarƙashin duk hoton da ta buga wanda na'ura ta zana, ko da na shafin yara ne.

Mun gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wasu masu zane da kwamfuta,
Kano.