Zuwa ga masu tsofaffin babura da ke kawo mana gyara, kan maganar wuta

Assalamu alaikum iyayenmu, alhazai, yayye da ƙanne, duk mai kawo mashin garejinmu nan Jos. Muna gaisuwa, ya sanyi?

Tunda hunturun nan ya kama kusan kullum sai an turo mana tsohon babur, turowa fa da hannu mai shi na haki, kuma labarin ɗaya ne, ya ƙi tashi, an canza fulogi, an wanke kafireta, wani har kwayil sabo ya saya aka ɗaura amma shiru. To mun zauna mun yanke shawara, daga yanzu ba za mu canza komai a ɓangaren wuta ba sai mun gwada mun nuna maka abin da ya mutu da idonka. Zai ɗan ci lokaci, kar Alhaji ya ga kamar jan rai muke, aljihunka muke tausayi.

Irin su Honda CD 175, Suzuki A100, Yamaha YB100, tsohuwar Vespa da CG 125 na farko-farko, yawanci kwantak ke ba su wuta, wato ƴan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa in inji na juyawa, ba CDI ba, ɗan akwatin lantarki irin na mashinan yanzu. Yara da yawa da suka koyi aiki a kan mashinan zamani ba su taɓa saita kwantak ba, ba laifinsu ba ne, ba su tarar ba, shi ya sa sai a koma canki-canka da kuɗin mutum.

Mu da fulogi muke farawa. A kwance shi, a maida shi cikin hularsa, a jingina shi jikin inji a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tas tas ita muke nema, in ja-ja ce ko rawaya tana zuwa tana ɗaukewa to akwai magana. Kuma ko ta fito a waje ba shi ke nan ba, don a cikin inji iska a matse take, raunanniyar wuta ba ta iya tsallakawa. Sannan mu duba kalar bakinsa. Ruwan ƙasa lafiya lau, fari fat mai ya yi kaɗan, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa. Wannan baƙin shi muka fi gani a nan, saboda Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, mashin ɗin da aka saita can ƙasa in ya hawo sai ya riƙa shan mai fiye da iskar da yake samu, ga sanyin asuba mutum ya ja cok ya manta bai maida ba. A nan kwayil ba ruwansa. Masu A100 da YB100 kuma in baƙin mai ya yi yawa haka fulogin zai jiƙe sharkaf. Tazarar bakin fulogi a yawancinsu 0.6 zuwa 0.7 ne na milimita, da ma'auni ake yi, ba da farce ba.

Sai kwantak, nan ne aikin yake. Ɗan dunduniyar kwantak da ke gogar kam, ƙarfen da ke tura shi ya buɗe, yana cinyewa a hankali, tazarar ta tsuke, taimin ya koma baya, mashin ya rasa ƙarfi yana zafi, ka buga kik har ƙafa ta yi tsami. Muna maida tazarar 0.3 zuwa 0.4 na milimita, mu juya fulawil a hankali har alamar F ta zo daidai da layinta, a daidai wurin nan ya kamata bakin kwantak ya fara buɗewa. Wani lokaci ma ɗan maiƙo ne kawai ya hau bakin, ka zura farar takarda ka ja ta fito baƙa, ka buga kik ɗaya ya tashi, mai shi ya tsaya yana salati. In kuwa bakin ya ƙone ya yi rami-rami, ko kana ganin tartsatsi sosai a wurin in inji na aiki, kondensa muke zargi, abu ɗan ƙarami mai araha da ke hana bakin kwantak ƙonewa, amma in ba a canza shi ba sabon kwantak ɗin ma haka zai cinye.

Akwai wanda ya fi ba mutane haushi. Ka tashi lafiya daga Bauchi Road, kafin ka kai Bukuru ya fara tari ya mutu, ka zauna wajen mai shayi ya huce, ka buga ya tashi kamar ba shi ba. Sau da yawa kwayil ne ko kondensa da ba sa jure zafi, in an gwada su da sanyi kuma lafiya za su nuna. Shi ya sa za ka ga mun bar mashin yana ta aiki a tsaye, ba manka muke ƙonawa a banza ba. Amma fa ɗan hujin murfin tanki in ya toshe shi ma haka yake yi, sai mun buɗe mun ji.

Masu CD 175 ku tuna batir ɗinku mai bolt 6 ne kuma da shi wutar ta dogara, in ya yi rauni ba wuta, don Allah kar wani ya sa muku mai 12 wai don ya fi ƙarfi. Wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mashin, da ta yi tsatsa, makulli da ya saki, hular fulogi da ta tsage ruwan damina na shiga, duk muna bi ɗaya bayan ɗaya da mitar gwada wuta.

Masu cewa a cire kwantak a sa CDI, in ka nace kuma akwai wanda ya dace da mashin ɗinka za mu yi. Mu dai ra'ayinmu a bar shi yadda ya zo, kwantak ko a bakin hanya da sukundireba za ka lallaɓa shi ka iso gida, CDI in ya mutu sai dai turi.

Duk abin da muka cire za mu ba ka a leda ka tafi da shi. In kai za ka sayo kaya a Dilimi, kawo mu gani kafin a ɗaura, jabun fulogi ya yi yawa a gari har da masu sunan NGK. Kuma kar a wanke inji ko a canza fulogi kafin a kawo, a bar mana shi da wanda ya mutu da shi, a gaya mana da sanyi yake ƙi ko sai ya yi zafi. Ranar Juma'a sai bayan an sauko masallaci muke buɗewa.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.
Naku, ma'aikatan gareji