A riƙa zuwa filin harbi da ƙaramar .22 tare da manyan bindigogi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu shirya horon harbi a jiharmu ta Katsina. Tun da aka ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na C-Watch a watan Oktoba na 2023, matasan da ke koyon riƙe makami a hannun hukuma sun ƙaru, bayan kuratan soja da na 'yan sanda. Shawarata ita ce, duk ranar da za a fita filin harbi, a sa ƙaramar bindiga .22, wato mai harsashin da faɗinsa kusan inci 0.22 ne, guda biyu ko uku cikin kaya, su tafi tare da manyan.

Wasu za su ce ai bindigar harbin kurciya ce. To, mu duba lissafi. Harsashin da ake kira .22 LR (Long Rifle), wanda aka fito da shi a Amurka a 1887, kansa giram 2.6 ne, yana fita da gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa. Na AK-47 kuwa kusan giram 8 ne, gudunsa ya haura mita 700, ƙarfinsa ya ninka na ƙaramin sau goma ko fiye. Wani ɓangare na wannan ƙarfi yana dawowa kafaɗar mai harbi, ƙarar kuma ta doki kunne. Kurtun da aka fara da shi a kan AK ko G3, kafin ya ƙarasa magazin ɗaya jikinsa ya koyi zabura: yana tura kafaɗa gaba, yana runtse ido, yana fizgar kunama kafin harsashi ya tashi. Shi bai san yana yi ba. Malaminsa ma da wuya ya gani, domin shurin bindigar yana ɓoye motsin. Sai dai a je allon saiti a tarar harsasai sun zube ƙasa, a ce masa ya ƙara natsuwa, a ƙara masa wasu goma ya ɓarar.

A miƙa wa wannan yaron .22 nan take, malami ya tsaya gefensa ya zuba wa bakin bindigar ido. Tunda shurinta kaɗan ne, za a ga bakin ya sunkuya ƙasa a fili, shi ma mai harbin zai ji abin da ya yi. Har ila yau, da yake harsashinta ba shi da sauri, yana ɗan daɗewa cikin bututu fiye da na babbar, saboda haka wanda ya ɗaga kai da wuri don ya leƙa inda ya samu, allo zai tona masa asiri. Sojojin duniya sun daɗe da gane haka. Ingila ta ƙera Lee-Enfield mai lamba 8 a kan harsashin .22 domin 'yan kadet, Jamus ta Gabas kuma ta yi KK-MPi 69 mai siffar AK domin horo. A gasar Olamfik ma da .22 ake harbin mita 50 a durƙushe, a kwance, da a tsaye, kuma tsakiyar allon faɗinta milimita 10.4 ne kacal.

Ga yadda ya kamata ranar ta tafi. A fara da ƙaramar a mita 25, a kwance, harsashi biyar-biyar, har talatin ko hamsin. Ba a neman ya bugi tsakiya tukuna, ana neman ramuka biyar su taru wuri guda. Idan sun taru cikin da'irar santimita 3 sau uku a jere, ya koma babbar ya harba biyar zuwa goma. Daga nan a buɗe ta, a cire magazin, a jingine ta a inuwa ta huce, shi kuma ya dawo kan .22 ya yi goma. Wannan dawowar ita ce jarrabawa, nan ake gane ko zaburar ta shigo. A zafin Maris da Afrilu bututun babbar bindiga ba ya saurin hucewa, idan ya yi zafi ramuka sai su fara watsewa, tururin da ke tashi daga kansa kuma ya riƙa karkaɗa saiti. Maimakon mutane su zauna jira, ƙaramar tana aiki. Harsashinta 500 bai kai kilo biyu ba, alhali na AK 500 sun kai kilo takwas.

Amma tana da nata halin. Sinadarin da ke kunna albarushinta yana cikin leɓen gindin kwanso ne a zagaye, ba a tsakiya ba. Allurar bindiga, wato tsinken ƙarfen da ke dukan gindin harsashi ya tashi, gefe take duka. Idan aka ja kunama babu harsashi, a yawancinsu allurar tana dukan ƙarfen bakin mazaunin harsashi, sannu a hankali ta yi masa ƙari, kwanso ya fara maƙalewa. Don haka atisayen jan kunama ba harsashi, wanda ake yi da AK ba damuwa, kada a yi shi da .22 sai an sa harsashin roba. Kuma tana ƙin tashi fiye da manyan, saboda wani lokaci sinadarin bai zagaye leɓen duka ba. In ta ƙi, bakin ya ci gaba da kallon allo, a ƙirga daƙiƙa 30, sannan a zare a jefa a gwangwanin da aka ware. In kuwa ƙarar ta fito a raunane, a tsaya cak, mai yiwuwa kan harsashin ya tsaya cikin bututu, na biyu zai kumbura shi.

Kan harsashin dalma ce da aka shafa wa kakin zuma ko makamancinsa. A hunturu, wanda ya zuba su a aljihu, ƙura za ta manne musu, ita ce za ta shiga bututu tana goge shi. A bar su cikin kwalinsu, kada a bar kwalin a rana ko a kan gaban mota. Mai ma kaɗan ake sawa, domin da yawa laka yake zama da ƙura. Sandar goge bututun 7.62, wato na AK da G3, ba ta shiga nata, a tanadi tata daban. Teburin harsashi ma a raba, musamman idan akwai bindigar .22 Magnum, mai harsashin da ya fi na LR girma, a wurin, domin LR yana shiga mazauninta amma kwanson yana iya tsagewa.

Abin da ya fi damuna shi ne raini. Kwalayen harsashin da kansu suna gargaɗin cewa yana da haɗari har fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ya ma fi saurin tsalle idan ya bugi marmara ko busasshiyar ƙasa irin tamu ta rani, ko fuskar ruwa. Tudun da ke bayan allo ya zama na yashi mai laushi, a tsince duwatsu, a tabbatar babu gona ko burtali a bayansa, a kafa jan tuta kamar yadda ake yi wa babbar. Farantin ƙarfen da aka yi domin .22 kada a harbe shi da 7.62, zai yi ramuka, ramukan kuma su riƙa maido da ɓarɓashi kan masu harbi. Toshin kunne dole ne, ƙararta ta kai desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti.

Kada kuma a ɗauka ta maye gurbin babbar. Wadda aka saita a mita 50, a mita 100 harsashinta yana faɗuwa santimita 15 zuwa 20, iskar hunturu kuma tana kore shi gefe. Wannan yana koyar da karanta iska, amma ba ya koyar da riƙe shuri, ko sauya magazin, ko gyara babbar idan ta cije. Waɗannan sai a kan bindigar aiki.

Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja na 7.62 da .303 cikin waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, bindigar wasanni irin .22 kuma lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Saboda haka ba ina cewa kowa ya nemo tasa ba ne. Hukumomin horo ne za su saya, su rubuta lambobinsu a rajistar ma'ajiyar makamai, a ƙirga harsashinta fita da shiga, a tattara kwansuna bayan harbi. Mai sakata, wadda ake sa wa harsashi ɗaya-ɗaya, ta fi dacewa da sabon hannu, kuma uku sun ishi rukunin mutum talatin idan ana karɓa-karɓa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin harbi,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.