Barka da Sallah, Baba, na shiga ramin kwal

Assalamu alaikum Baba,

Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fatan kai da Inna da su Yaya kuna lafiya, kuma kuɗin rago sun iso kafin farashi ya haukace. Mu nan Bradford ta Ingila mun yi Idi cikin masallaci, ana yayyafi. Layya kuwa ta mahauci ce: ka biya, bayan kwana biyu ya miƙo maka nama a leda. Ba babbaka, ba tuƙar hanji, ba ƙamshin suya da ke cika Gangare har dare. Jikokinka sun sa sababbin kaya, amma babu gidan da za su shiga karɓar goron Sallah.

Don kada su wuni gaban talabijin, washegari na kwashe su zuwa wani tsohon ramin kwal da ake kira Caphouse, kusa da Wakefield. Shi ne ma dalilin wannan doguwar wasiƙa.

Ba babban rami ba ne. Tun wajen 1790 ake haƙarsa, ya yi ta sauya hannu tsakanin masu kuɗi har gwamnati ta karɓe duk ramukan ƙasar a 1947. Kwal ɗin ya ƙare, aka rufe shi a 1985, shekarar da babban yajin aikin masu haƙa ya watse. Maimakon su bar shi ya rufta, sai suka buɗe shi a 1988 a matsayin gidan tarihi, tsofaffin ma'aikata su ne 'yan rakiya.

Kafin ka sauka sai an karɓe waya da agogo da duk abin da ke da batir, saboda iskar cikin rami ba ta wasa da tartsatsi. Aka ba mu hular kwano da fitila, da wani ɗan ƙarfe mai lamba kamar tsohon kwabo. Da shi suke sanin wa ya shiga, wa bai fito ba. Muka cusu cikin keji, ya zurara da mu mita 140. Auta ya damƙe min riga bai saki ba.

A can ƙasa dattijon da ke jagorantarmu ya sa kowa ya kashe fitila. Baba, duhun ɗauke wuta a Jos rana ce. Na kai tafin hannu gaban hancina, ban ga komai ba. A cikin irin wannan duhu ake zaunar da yaro ɗan shekara shida ko bakwai, wuni guda, aikinsa buɗe ƙofar iska da rufewa. Sai da ruwan sama ya cika wani rami can Silkstone a 1838, yara 26 suka nutse, kana aka yi dokar 1842 da ta hana mata da yaran da ba su kai shekara goma ba sauka.

Ni dai Kaka nake ta tunawa a wurin. Yadda kake ba mu labarin ɗiban gwamna, lokacin yaƙin Hitila, da aka kwaso su daga ƙasar Katsina aka zube a Bukuru cikin sanyin da ba su saba ba, kwano a ka, suna ɗibar ƙasar kuza. Su an ba su lamba kuwa? An ƙirga waɗanda ba su koma gida ba? Abin da na sani ya rage shi ne kududdufan nan na Rayfield da hanyar Barikin Ladi, waɗanda Inna ke zane mu in ta ji mun je wanka.

Don haka ina da roƙo. In baƙi sun ragu, ka sa ƙanena ya kunna waya, ka faɗi duk abin da ka riƙe daga bakin Kaka: sunan barikin, nawa ake biyansu a mako, me suke ci, ta ina ya tsere har ya zauna Jos. Ko da a rarrabe ne. Jikarka ta tambaye ni cikin mota, na rasa rabin amsar.

A gaishe da Inna, a ce ta ajiye min soyayyen nama cikin kitse, akwai mai tasowa ƙarshen wata. A gaishe da Liman da mutanen zaure.

Ɗanka.