Alamar %25 a adireshin shafi: a gyara daga tushe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin matasanmu masu gina shafukan intanet kan wata matsala da ke hana masu karatu samun abin da suke nema, musamman idan kalmar tana da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ.

Ba kowane harafi adireshin shafi ke ɗauka yadda yake ba, wasu sai an lulluɓe su, wato a rubuta su da alamar % da lambobi. Tazara tsakanin kalmomi takan koma %20, ƙ kuma %C6%99, don haka "ƙasa" ta zama %C6%99asa. To ita kanta alamar % lulluɓinta %25 ne. Idan aka sake lulluɓe abin da aka riga aka lulluɓe, sai a samu %25C6%2599asa. Saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, za ta warware sau ɗaya kawai, ta je neman "%C6%99asa" a rumbun bayanai, ta dawo hannu rabbana.

Yawanci hannu biyu ne suka yi aiki ɗaya. A JavaScript mutum ya kira encodeURIComponent, sannan ya miƙa sakamakon ga URLSearchParams, wanda shi ma lulluɓewa yake yi. Haka urlencode kafin http_build_query a PHP, ko quote kafin params na requests a Python. Wani lokaci laifin ba na manhajar ba ne: mod_rewrite, sashen sauya adireshi na manhajar saba ta Apache, yakan sake lulluɓe % wajen tura mai ziyara sabon adireshi, sai an sa masa tutar NE.

A danna F12 a burauza, a buɗe sashen Network, a duba adireshin yadda ya fita, a gwada shi da wanda saba ta rubuta a kundinta. Matakin da %25 ta fara bayyana, nan ɓarnar take. A cire lulluɓi ɗaya, a bar wanda ke dab da fitar adireshin. Sai dai a lura, idan adireshi ne aka saka cikin wani adireshin, ganin %25 daidai ne.

Abin da muke roƙo kada a yi shi ne warwarewa sau biyu a saba don a huta. Matatar tsaro mai neman ../ (alamar fita daga folda zuwa ta samanta) ba za ta gane %252e%252e%252f ba, wato ../ da aka lulluɓe sau biyu, sai ya wuce ta, warwara ta biyu ta mayar da shi hanyar shiga fayilolin da aka killace. Ta irin wannan kafa aka riƙa kutsa wa IIS, manhajar saba ta Microsoft, a 2001.

Wassalam,
Wasu masu gina manhajojin intanet, Kano