Rahoton Ayyukan Shekara: Ɗaura Kayan Sauti a Rak da Kula da Su

Assalamu alaikum iyayenmu a sana'a da 'yan'uwa membobi.

Aikin da babban taro ya ɗora wa kwamitin fasaha a bana shi ne zagaya shagunan membobi a duba rak ɗinsu, wato akwatin da ake jera na'urorin sauti a ɗaure su a ciki, kafin hidimar maulidi da tafsirin azumi, a kuma koya wa yaran shago ɗaurin kaya. Zagayen ya tabbatar mana da abu guda: galibin amfilifayar da ke ƙonewa a filin taro, ɗaurin da aka yi mata ne ke kashe ta, komai kyan kamfaninta.

Matsalar tana farawa tun daga wajen mai walda. Faɗin fuskar kayan rak inci 19 ne, tsayin gida ɗaya, wato 1U, inci 1.75 ne ko milimita 44.45. Amma ramukan ƙarfen gefe ba tazara ɗaya gare su ba. Uku-uku suke tafiya: milimita 15.9, sai 15.9, sai 12.7 kafin gida na gaba. Mai walda da ya huda su daidai wa daida, na'ura ta farko za ta zauna, ta uku kuwa sai ramukanta su kauce, yaro ya ɗaure ta da noti biyu maimakon huɗu. Mun rarraba takardar awo domin a riƙa kai wa masu walda, mun kuma tsayar da noti mai lamba M6 da wosharsa ta roba.

Kan jeri, mai nauyi a ƙasa. Amfilifaya mai tiransifoma ta zauna a gindi, kurosoba mai raba sauti ga lasifikoki da ikwalaiza mai daidaita shi a tsakiya, risibar makirfo maras waya a can sama, eriyarta a fito da ita gaba, don ƙarfen akwati yana tare sigina. Kada a bar kunnuwan gaba, inda ake ɗaura noti, su kaɗai su ɗauki amfilifaya. A tallafe ta ta baya. Mun ga wadda fuskarta ta tsage daga noti zuwa noti bayan tafiya ɗaya a bayan a-kori-kura kan hanyar ƙauye.

Zafi ne ya fi cin lokacinmu. A Kano watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga akwati baƙi a rana. Kafin a ɗaura amfilifaya a kunna ta, a kara tafin hannu a gane ta inda take shaƙar iska da inda take fitarwa, domin wasu daga gaba suke ja, wasu daga baya. Idan aka haɗa masu saɓani a rak ɗaya, wannan tana shaƙar hucin waccan, sai ka ga jar fitila ta kama ana tsakiyar wa'azi. Murfin gaba da na baya duka a cire su lokacin aiki. Mun tarar da masu barin na baya a rufe saboda yara masu taɓa waya; raga ce maganin wannan, ba katako ba. Da hunturu kuma soson da ke bakin fanka yakan toshe da ƙura har ya zama kamar bargo. A wanke shi bayan kowane fita, ya bushe sarai, a hure cikin na'urar da bulowa.

Sai wuta. Fulogi mai amfiya 13 a kan bolt 230 bai wuce wat 3,000 ba, don haka manyan amfilifaya uku ba za su rataya a soket ɗaya ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yanke wayar at, wadda ke kai wuta ƙasa in ta taɓa jikin na'ura, don a kashe gurnanin lasifika. Gurnanin zai tafi, amma ranar da wuta ta taɓa jikin na'ura, leɓen mai riƙe da makirfo ne zai zama hanyarta zuwa ƙasa. Kwamiti ya haramta wannan ga kowane memba. A ɗauki wutar mikisa da ta rak daga layi ɗaya, a yi amfani da wayar sauti mai fil uku da ake kira XLR, a raba wayoyin sauti da na wuta, waɗannan ta dama, waɗancan ta hagu. In da janareta ake aiki, a bar shi ya daidaita, a auna da mita, sannan a kunna mikisa, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko.

Mun kuma maimaita wa yara lissafin lasifika: biyu masu om 8 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta ne) a layi ɗaya sun koma om 4, uku sun sauka ƙasa da om 3, wanda yawancin amfilifayoyinmu ba sa jurewa.

Abin da ba mu kammala ba shi ne liƙa suna a kan kowace waya ta bakinta biyu, da sauya tayoyin rak zuwa masu birki. Su za mu fara da su a zagaye na gaba, kuma duk wanda ba a duba rak ɗinsa ba ya ba sakatare sunansa bayan taro.

Wassalam.
Kwamitin Fasaha